Madara Kafin Tiyata

A wurin aiki Guduma suke ce mini, kuma ba don gudumar da nake riƙewa kaɗai ba. Sana'ata rushe gini. In an sayi tsohon gida ana son filinsa, mu ake kira mu yaye rufi, mu kayar da bango, mu zare rodi daga cikin kankare mu tara a gefe. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, an kore ni sau uku, duk a kan abu ɗaya: hannuna ya fi bakina sauri. Ba alfahari nake yi ba, faɗa nake yi don a san da wa ake magana. Mutum ɗaya ce a duniya take cewa "ajiye" in ajiye, ko da wuyan wani ne a hannuna, ita ce Yaya.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha biyu. Inna ta rasu ina goye, Baba ya bi ta ina ɗan shekara tara, saboda haka Yaya ce ta raine ni da gugar da take yi a ɗakin wankin wani otal. Bayan hannuwanta duk tabon ƙuna ne. Ta yi zaryar ofishin 'yan sanda saboda ni har ta san bencin da ba ya girgiɗi. Ta yi wa shugaban makarantarmu ƙarya, ta yi wa maƙwabta ƙarya, ta taɓa rantsuwa cewa ina kwance ina zazzaɓi ranar da na fasa wa wani direba baki a tasha. In mun dawo gida kuwa, sai ta kama kunnena ta murɗa, ni da gemuna, har sai na durƙusa. Mijinta direban motar kaya ne mai sanyin hali, ya daɗe da cire bakinsa daga tsakaninmu.

A asibiti Baba ya rasu. An yi masa aiki a ciki, likita ya fito yana murmushi ya ce an yi nasara. Bayan kwana huɗu Baba ya kumbura, fuska ta cika har idanunsa suka shige, zoben hannunsa sai yanke shi aka yi. A kwana na biyar ya cika. Tun daga ranar na riƙe a raina cewa ba wuƙar likita ke kisa ba, abin da ke biyo bayanta ne. Shi ya sa da aka ce an ga ƙari a hanjin Yaya, sai an buɗe ta, Baba ya faɗo mini a rai. Na yi sati ina dukan bango a wurin aiki kamar bangon ne ya sa mata ciwon.

Don ta kwantar mini da hankali ne ta ba ni labarin ƙwayar. Ta ce asibitin suna gwada wani magani, melatonin sunansa. Jikin mutum ma da kansa yana yin sa, shi ke kawo barci, amma likitoci suna zaton in an ba mutum kafin a yanka shi yana rage kumburin da ke biyo baya. Likitan da ya yi mata bayani ya ce in an yanka jiki, jini yakan ɗebo wasu abubuwa masu cin nama, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, maganin kuma ana sa ran yana tare su. Wannan na gane shi sarai. Na sha ganin rodi a ido lafiya lau, in ka taɓa shi ya karye a hannunka. Yaya ta ce ta sa hannu a takarda, za a ba ta ƙwayar da safen aikin. Na ɗauki begena gaba ɗaya na ɗora a kan ƙwayar nan. Ashe rabin labarin ta ba ni.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka sa za a shiga da ita. Tun takwas ina ɗakin. Gadaje shida ne, kowanne da koren labule da 'yar loka ta ƙarfe a gefe. A saman gadon Yaya an rataye wani kwali da zare, an rubuta kada ta ci, kada ta sha. Tun jiya da yamma rabonta da abinci, leɓunanta sun bushe, ga rigar asibitin nan mai ɗauri ta baya ta mayar da ita wata 'yar ƙarama. A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa mai surutu da ta yi sati biyu a ɗakin, ta fi ma'aikatan sanin dokokin wurin. Da ta gan ni ta ce wa Yaya wannan ƙanin naki da shi za a tura gadon, ba sai an kira masu turawa ba.

Wajen ƙarfe tara wata nas ta shigo da tire. Ta zazzago ƙwaya ɗaya fara daga wata kwalba, ta ba Yaya da ruwa maƙurwa ɗaya tak. Na karɓi kwalbar na juya ta. Babu sunan magani a jiki, lamba ce kawai. Na tambaya me ya sa.

Nas ɗin ta yi mini bayani da fara'arta, kamar albishir take yi mini. Ta ce ai haka gwaji yake. Rabin marasa lafiya ana ba su maganin gaske, rabi kuma ƙwaya ce mai kama da shi, gari ne kawai a ciki. Ita ba ta san wadda ta bayar ba, likitan ma bai sani ba, sai mai haɗa magani da ke ƙasa, shi kaɗai ke riƙe da takardar. Sai an gama da mutane ɗari biyu za a buɗe a ga ko maganin yana aiki.

Na dubi Yaya. Ta kawar da kai.

"Kin san da wannan?"

"Na sani, Auta. Da sanina na sa hannu."

Wato caca ake yi da ran yayata, ita kuma ta sa hannu, ta ɓoye mini don ta san halina. Ban san lokacin da na fizge tiren daga hannun nas ɗin ba. Na ɗaga shi sama, nas ta ƙanƙame jikinta ta rufe ido. Yaya ta ce, "Ajiye." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙatar haka ba. Na ajiye tiren a kan gado na fita. Ta ɗauka iska zan sha, ni kuwa matakala na nufa.

Ɗakin yana can ƙasan ginin, bayan tagogin da ake layin karɓar magani, a ƙarshen wani lungu da bututun ruwa ke bi ta samansa. Wani mai shara ne ya nuna mini ƙofar. Na tura na shiga. Ƙaramin ɗaki ne, firij na gurnani a kusurwa, kantoci cike da kwalabe masu lamba, ga wata kabad ta ƙarfe a kulle. Mai haɗa maganin wani siriri ne mai tabarau, ya ba hamsin baya, yana zaune yana liƙa takardu a jikin kwalabe. Makullai na rataye a wuyansa da igiya.

Allah ya sani da lalama na fara. Na gaishe shi, na faɗi lambar gadon Yaya, na ce ya duba mini ko ta gaske aka ba ta, in ba ita ba ce ya ba ni ta gasken in kai mata. Ya cire tabarau ya goge, ya ce ba zai iya ba. Ya ce har yanzu babu wanda ya tabbatar maganin yana aiki, shi ya sa ma ake gwajin. Ya ce in ya buɗe wa mutum ɗaya ya ɓata wahalar sauran, kuma aikin da za a yi wa Yaya bai rataya a kan ƙwayar ba, da ita da babu ita likitoci za su yi iyakar ƙoƙarinsu. Duk gaskiya ya faɗa, yanzu na sani. A lokacin kuwa fuskar Baba kawai nake gani. Sai ya yi kuskuren da ya fi kowanne, ya taso ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, ka yi haƙuri, je ka zauna kusa da ita."

Na mayar da ƙofa na murza sakata.

Ƙeyarsa na kama na buga fuskarsa a kan teburin. Tabarau ya tarwatse, gilashin ya shige masa a gefen ido, kwalabe suka watse a ƙasa suna gangarawa. Na ɗago shi na tambaye shi takardar. Ya girgiza kai. Na kai masa naushi a baki da hannun dama, na ƙara, na ƙara, har na ji haƙoransa sun tsaga mini bayan yatsu. Mutumin nan bai kai nauyin buhun siminti biyu ba, amma ya tofar da jini ya ce ba zai buɗe ba. Taurin kan nasa ya ƙara tunzura ni. Na jawo aljihun teburin, na cusa hannunsa a ciki, na tura da gwiwata da duk ƙarfina. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji tasa. Sau biyu na yi haka.

Ko a nan bai faɗa ba. Idonsa ne ya ci amanarsa, wanda ya rage a buɗe, ya kai shi kan kabad ɗin ƙarfen. Na tsinke igiyar wuyansa, makulli na uku ya buɗe. Babu takarda a ciki, amma akwai abin da ya fi ta: manyan robobi biyu, ɗaya an rubuta sunan maganin a jiki ɓaro-ɓaro. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya kai nan. Me zan yi da takarda kuma? Na kwance murfin na dumbuzo na zuba a aljihu.

Yana kwance a ƙasa tsakanin kwalabe, jini na kumfa a bakinsa, ya kama bakin wandona da hannun da ya rage masa. Na ɗauka roƙo zai yi. Ashe ba kansa yake ji ba.

"Kada ka ba ta komai yanzu," ya ce. "Don Allah. Komai."

Na shure shi a baki da takalmin aiki, mai ƙarfe a gaba. Ya suma. Na fita na kulle ƙofar ta waje, na jefa makullan a bokitin yashin da ke lungun.

A gidanmu akwai doka, kuma Yaya ce ta kafa ta: ba a shan magani da yunwa. Ina yaro in zazzaɓi ya kama ni, takan daka ƙwaya da bayan cokali, ta zuba a madara, ta marmasa biskit a ciki, ta tsaya a kaina sai na shanye. Ta ce magani a cikin da babu komai yanka hanji yake yi. Yanzu ga ta da hanji mai ciwo, tun jiya ba ta ci ba, ni kuma zan ɗura mata ƙwaya goma. Kwalin da aka rataye a saman gadonta kuwa ko a jikina. A wurina duk dokokin asibiti ɗaya ne, irin su lokacin ziyara da hana zama a kan gado, an yi su ne don ma'aikata su huta. Na ɗauka suna hana mutane abinci ne don kada a ɓata musu teburin aiki. Ban tambayi kowa ba, wa ma zan tambaya, wanda ya san amsar na bar shi a kulle.

Na tsaya a ɗan shagon bakin ƙofa na sayi kwalin madara, rabin lita, da biskit. A kan matakala na zauna na ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, na zazzage garin a cikin madarar, na marmasa biskit na girgiza. Hannuna na dama ya ƙi daina zubar jini, ga na mutumin ya bushe a tsakanin yatsuna. Na goga a wando, na cusa shi a aljihun rigar sanyina, na riƙe kwalin da hagu.

Na tarar tsohuwar ta shiga banɗaki, mijin Yaya kuma an kira shi ofis cike takardu. Na ja labule ya zagaye mu. Na ce mata ga maganin gaske, a kantin magani na ƙofar asibiti na sayo, ta shanye kafin a zo. Ta ce an hana ta, ta nuna kwalin da ke samanta. Na fizge shi, zaren ya tsinke, na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa. Ta ce likitar barci ta ja mata kunne jiya, ko shayi kada ta kuskura. Na ce likitar barci ba ta ga yadda aka yanke zoben Baba ba.

Muna magana ƙasa-ƙasa saboda sauran gadaje. Na ce mata in ba ta sha ba, yanzun nan zan hau sama in nemo likitan da ya sa sunanta a cacar nan, kuma duk abin da ya same shi ita ta jawo masa. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, daga fuska har ƙasa.

"Auta, zauna."

Ban zauna ba.

"Ajiye kwalin nan."

Tun da nake, ranar ce ta farko da ta ce ajiye na ƙi. Na matsa na kafa mata bakin kwalin a leɓe, na danna har madara ta gangaro mata a haɓa. Ni, na yi wa Yaya haka, tana kwance da allurar ruwa a hannu. Ba ta ture ni ba. Ta sa hannuwanta biyu ta karɓi kwalin, ta rufe ido ta fara sha. Tana sha tana yunƙurin amai tana haɗiyewa, har ta ga ƙarshensa. Ta miƙo mini, ta goge baki da gefen zanin gado, ta ce in ɓoye shi, in kuma tafi gida in canza kaya. Na cusa shi a lokarta. Zuciyata fes, kamar an sauke mini kaya daga ka. Gida kuwa na ce babu inda zan je.

Goma da rabi masu tura gado suka zo tare da wata nas mai takarda. Ta duba takardar sunan da ke ɗaure a hannun Yaya, ta tambaye ta ko ta ci wani abu ko ta sha tun jiya. Yaya ta ce a'a. Ni ma na gyaɗa kai, har ina jin daɗin mun yi musu wayo. Na bi gadon har bakin lif, mijinta ya shiga tare da su, ni aka ce wuri ya cika. Yaya ta fara lumshe ido, ta ɗago yatsu biyu ta yi mini sallama.

Na koma ɗakin ɗaukar jakarta, na tarar da tsohuwar tsaye a gaban lokar, kwalin madarar a hannunta. Sauran da ya rage ne ya ɗigo ta ƙasan ƙofar lokar, ita kuma ba abin da ke wuce ta. Duk surutun nan nata ya ɗauke. Ta tambaye ni wa ya sha. Na ce ina ruwanta. Ta ce ita da nake gani, biskit ɗaya ta ci a ɓoye aka ɗaga aikinta sati guda, kuma likita ya zaunar da ita ya gaya mata dalili. In an sa mutum barcin tiyata, bakin cikinsa sakewa yake yi, duk abin da ke ciki ya hauro ya faɗa huhu, ya ƙona shi. Ta ce mutane na mutuwa a haka tun kafin wuƙa ta taɓa su.

"Ɗan nan, ruga ka gaya wa nas ta buga musu waya. Yanzu."

Na leƙa waje. Teburin ma'aikatan jinya taku goma ne daga ƙofar, ga waya a kai ina ganinta. Amma a gaban teburin akwai masu gadi biyu da ɗan sanda, ga nas ɗin tire tana kwatanta musu tsawona da hannu. An buɗe ɗakin ƙasa ke nan. Wannan shi ne abin da ba zan taɓa yafe wa kaina ba, ya fi dukan, ya fi madarar. Da na taka takun nan goma na miƙa hannuwana na faɗi magana ɗaya, da an buga wayar. Sai na ji tsoron kamu. Na ce wa kaina ƙafata ta fi waya sauri, na sulale ta ƙofar baya na kama matakala. Hawa huɗu ne zuwa ɗakin tiyata.

Na iso ina haki. Dogon lungu ne, a ƙarshensa ƙofa mai ganye biyu, da jan layi a ƙasa wanda ba a tsallakewa. Mijin Yaya na zaune a benci da takalmanta a cinya. A bakin ƙofar masu gadi uku ne, an riga an sanar da su ta rediyon oba-oba. Da suka gan ni a guje, wando duk jini, suka zaro kulake.

Ko a nan da na tsaya na yi magana, wataƙila da an ji ni. Amma ni ban taɓa isa bakin ƙofa an tare ni na buɗe baki ba. Na farkon na sa masa gwiwar hannu a hanci, na ji ya fashe. Na biyun na ɗauke shi na maka kansa a jikin tukunyar kashe gobara da ke bango, ya zube. Na kai hannu ga ƙofar, har na taɓa ta. Na ukun ya sauke mini kulki a bayan gwiwa, na durƙusa, ya ƙara mini a baki. Na ji muƙamuƙina ya goce, haƙora suka cika mini baki. Waɗanda na baro a ƙasa suka iso da ɗan sandan, suka rufe ni. Takalmi ta ko'ina, a haƙarƙari, a ƙeya, a mara. Wani ya murɗe hannuwana ta baya, wani ya ɗora gwiwarsa a wuyana ya danna fuskata a kan jan layin.

Sai a lokacin na tuna da baki. Na yi ta ƙoƙarin cewa ta sha madara, ku gaya musu ta sha madara, amma muƙamuƙi ya karye, jini kawai ke fita da wani gurnani. Mai gwiwa a wuyana ya tsinci kalma ɗaya, ya ce wa sauran kun ji ɗan iska, madara yake so, ya ƙara dannawa. Mijin Yaya yana tsaye yana ba su haƙuri, yana rungume da takalman, bai san komai ba. Na juya ido sama da ƙyar na ga jar fitilar da ke saman ƙofar a kunne, ban san tun yaushe ba. Can sai na ji wata na'ura na ƙara a ciki ba tsayawa. Wata nas ta fito a guje ta tsallake ƙafafuna, ta dawo da mutum biyu suna tura wani inji. Babu wanda ya dube mu.

Ba a ma yanka Yaya ba. Ana sa ta barci madarar ta hauro. Kwana huɗu ta yi a ɗakin kulawa ta musamman, inji na yi mata numfashi, huhunta ya kumbura ya cika da ruwa, ta rasu ba ta farfaɗo ba. Ni ina hawa biyu a ƙasanta, an ɗaure mini muƙamuƙi da waya, ankwa a hannuna ta haɗa ni da ƙarfen gado, ɗan sanda a bakin ƙofa. Shi ya gaya mini mai haɗa maganin ya rasa ido ɗaya, yatsunsa uku ba za su ƙara lanƙwasuwa ba, kuma da ya farfaɗo abin da ya fara rubutawa a takarda shi ne a hana matar shiga tiyata. Mijin Yaya bai zo ba, ban kuma ga laifinsa ba. An binne ta ban gan ta ba.

Washegarin jana'izar, da hantsi, wata gajeriyar mata ta shigo da shuɗin kayan tiyata. Ta ce wa ɗan sandan ya ba ta minti biyu. Ba ta zauna ba, ta tsaya a ƙarshen gadon ta ce ita ce likitar barci, ita ta sa Yaya barci. Idanunta sun faɗa. Ta ce shekara goma sha tara tana wannan aiki, ba ta taɓa sa wa mutum abin rufe hanci ba sai ta tambaye shi da bakinta. Ta tambayi Yaya sau biyu ko ta ci ko ta sha, ta kuma tuna mata abin da ta gaya mata ana gobe aikin, cewa in ta sha ko kaɗan ne ta faɗa, a ɗaga aikin, ba wani abu ba ne. Yaya ta dube ta cikin ido ta ce ba ta sha komai ba. Da ta ce ta sha, in ji likitar, da an tambaye ta me ta sha, wa ya ba ta, a ina ya samo.

Ta ce akwai saƙo, ta yi kwanaki tana tunanin ko na cancanci a ba ni, daga baya ta ga ba nata ba ne balle ta riƙe.

"Ina shirin sa mata abin hancin ta kama hannuna. Ta ce in na fita in nemi ƙaninta, in gaya masa a asirce ya je ya wanke hannunsa na dama kafin wani ya gani."

Ta juya ta fita. Na so in yi ihu, wayar da ke bakina ta hana ko haƙorana su rabu. Na dubi hannun, yana nan rataye da ankwa a jikin gadon. Ma'aikatan jinya sun riga sun wanke shi sun ɗinke tun ranar.